Tarihin John Deere, maƙerin da ya zaɓi ƙarfe daidai da ƙasa

Duk manomin da ya taɓa zuwa wurin hayar tarakta ya san koriyar nan mai ƙafafu ruwan ɗorawa, mai hoton barewa tana tsalle a goshinta. Sunan da ke rubuce a jikinta, John Deere, sunan mutum ne. Maƙeri ne ɗan ƙasar Amurka, kuma ya rasu shekara 32 kafin kamfaninsa ya fara sayar da tarakta. Abin da ya ɗaga sunansa a duniya garmar shanu da dawaki ce, sirrin garmar kuwa yana ga irin ƙarfen da ya sa mata a baki.

Mun kawo tarihinsa ne saboda matsalar da ke damun masu injin haƙa rami na tarakta, wannan mai kama da ƙaton sukuru da ake haƙa ramin dashen mangwaro da kashu ko na turakun shinge da shi. Bakin injin nan yana cinyewa, na kamfani ga tsada ga wuyar samu, sai a nufi maƙeri ko mai walda a ce ya yanko wani. Da wane ƙarfe? Irin wannan tambaya ce John Deere ya shafe rayuwarsa yana neman amsarta, kuma yadda ya bi ya same ta yana da amfani gare mu har yau.

Maraya a shagon tela

An haifi John Deere ranar 7 ga Fabrairu, 1804, a garin Rutland da ke jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, ƙasar duwatsu da tsananin sanyi. Mahaifinsa William tela ne, mahaifiyarsa Sarah ita ma ɗinki take yi. Yana ƙarami iyalin suka koma garin Middlebury. A 1808 mahaifin ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila da niyyar karɓo wani gado, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. John na da shekara huɗu a lokacin. Uwar ce ta ci gaba da riƙe shagon, da allura da zare ta ciyar da 'ya'yanta. Ana ba da labarin cewa tun yana yaro yake taya ta goge allurai da yashi, don allurar da ta yi sheƙi ta fi ratsa fata da yadi mai kauri ba tare da ta maƙale ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bai yi nisa a boko ba. A 1821, yana ɗan shekara 17, aka kai shi koyon ƙira wajen Kyaftin Benjamin Lawrence, wani sanannen maƙeri a Middlebury. Shekara huɗu ya yi yana zuga wuta, yana riƙe awartaki, yana ɗaga masaba, kafin ya fita ya fara cin gashin kansa. A 1827 ya auri Demarius Lamb, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara.

Aikin hannunsa ya yi suna a ƙauyukan Vermont, musamman shebur da abin ɗibar ciyawa mai yatsu, waɗanda yake gogewa har su yi santsi. Amma suna daban, arziki daban. Sau biyu gobara tana cinye masa maƙera, kowane karo sai ya ci bashi ya sake ginawa. Ga kuma kasuwa ta mutu a yankin, gonaki sun gaji, jama'a suna ta ƙaura zuwa yamma neman sabuwar ƙasa. Da bashi ya kai masa iya wuya, a ƙarshen 1836 ya tattara 'yan kayan ƙirarsa ya bi sahun masu ƙaura. Ya bar matarsa da ciki da ƙananan yara, da alkawarin za su biyo shi idan ya samu wurin zama.

Ƙasar da ta gagari garma

Ya sauka a wani ƙaramin ƙauye mai suna Grand Detour a jihar Illinois, a bakin kogin Rock. 'Yan shekaru kaɗan kafin nan, bayan yaƙin 1832, aka kori 'yan asalin yankin daga ƙasarsu, Turawa baƙi suka shiga yankan gonaki. Wani mutumin Vermont, Leonard Andrus, shi ya kafa ƙauyen, yana kuma da injin tsaga katako da ruwa ke juyawa. Garin ba shi da isassun maƙera, don haka Deere na isa ya samu aiki: gyaran kayan injin, ɗaura wa dawaki takalmi, gyaran sarƙa da garemani.

A bakin maƙerar nan ya riƙa jin kukan manoma, kullum iri ɗaya. Ƙasar Illinois fili ce shimfiɗaɗɗe, baƙa wuluk, mai albarka, ciyawa ta shekara dubbai tana ruɓewa a cikinta. Sai dai tana da danƙo. Garemanin da baƙin suka zo da su daga gabas na ƙarfen zubi ne, wato wanda ake narkawa a zuba a mazubi, an yi su ne don ƙasa mai yashi da tsakuwa irin ta Vermont. A can yashi ke wanke garma da kansa. A nan kuwa laka ce take liƙe wa kunnen garmar, wato faffaɗan ɓangaren da ke kifar da ƙasa gefe. Manomi ba ya 'yan taku sai ya tsaya ya sa guntun katako ya kankare, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Dabbobi su gaji, yini ya ƙare, aiki bai je ko'ina ba. Wanda ya taɓa sa garmar shanu a fadama bayan ruwan sama ya san wannan wahala, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Har wasu suka fara tunanin barin gonakin su koma inda suka fito.

Me ya sa ƙarfen zubi ya kasa? Fuskarsa tana da kaushi da 'yan ƙananan ramuka, ba ya ɗaukar sheƙi sosai komai gugar da aka yi masa, laka kuwa nan take samun wurin kamawa. Ga shi da gautsi, idan ya daki dutse ko saiwa mai ƙarfi sai ya ɓalle kamar kasko. Maƙeran wancan zamani suna da wasu ƙarafa biyu. Akwai ƙarfen ƙira mai laushi, wanda yake lanƙwasuwa, yake gogewa, ba ya karyewa, amma ba ya riƙe kaifi. Akwai kuma sitil, wanda yake ɗaukar tauri da kaifi da sheƙi gaba ɗaya, sai dai a lokacin kayan marmari ne, akasari daga Ingila ake kawo shi, ana tattalinsa don wuƙa da reza da zarto.

Guntun zarto

A 1837 Deere ya ga wani karyayyen ruwan zarto na sitil a wurin tsaga katakon Andrus. Katakon da zarton ya shekara yana ratsawa ya goge shi har yana ɗaukar ido. Mutumin da ya goge allura yana yaro, ya goge shebur yana saurayi, bai buƙaci a gaya masa ma'anar wannan ba. Ya karɓi guntun ya kai maƙera, ya sare haƙoran, ya yanka shi, ya lanƙwasa, ya haɗa garma da shi. Da aka sa ta a gona, baƙar ƙasar nan ta riƙa zamewa tana kifewa gefe, garmar tana fitowa fes. Maimakon ƙasa ta liƙe mata, sai ƙara goge ta take yi.

Gaskiya dai ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Wani maƙeri a Illinois ɗin, John Lane, ya riga shi lulluɓe garma da ruwan zarto tun wajen 1833, wasu ma sun gwada. Abin da ya bambanta Deere shi ne nacin gyara siffar garmar, da yawan da ya ƙera, da yadda ya kai ta hannun manoma.

Akwai wani abu a nan da ya kamata kowane maƙeri ya sani. A gidan tarihi na Smithsonian da ke birnin Washington an ajiye wata garma da Deere ya ƙera a 1838. Da masana suka binciki ƙarfenta, sai suka tarar ba dukanta ce sitil ba. Kunnen na ƙarfen ƙira ne mai laushi da aka goge shi sosai, bakin da ke yanka ƙasa shi ne na sitil. Ka ga ke nan mutumin ya raba aikin biyu. Inda ake buƙatar kaifi da jure gugar ƙasa ya sa ƙarfe mai tauri da tsada, inda ake buƙatar santsi da jure duka ya sa mai laushi da araha. Bai ɓarnatar da sitil inda ba a buƙatarsa ba, garmar kuma ta zo daidai aljihun manomi.

A 1838 iyalinsa suka iso, har da jariri Charles da aka haifa bayan tafiyarsa. Sana'ar ta fara a hankali: garma 10 a 1839, 75 a 1841, 100 a 1842. A wancan lokaci al'adar maƙera ita ce sai an zo an ba da aiki sannan a ƙera. Deere ya sauya wannan, ya riƙa ƙerawa ya ajiye, ya loda a keken doki ya bi gonaki yana nunawa. Manomi ya gani da idonsa a cikin ƙasarsa, sannan a yi ciniki. A 1843 suka haɗa jari da Andrus, suka gina babbar maƙera.

Neman ƙarfe har Ingila

Karyayyen zarto ba kullum ake samunsa ba, kuma ba kowane guntu ne yake da kyau ba. Wannan ita ce babbar damuwar Deere a shekarun 1840. Ya gane cewa muddin da tsince-tsince zai dogara, garmar yau ba za ta zama daidai da ta gobe ba, manomin da ya sayi mara kyau kuwa ba zai dawo ba, zai kuma gaya wa maƙwabcinsa. Sai ya yi odar falankin sitil daga Ingila. Kayan su ƙetare teku, su hau jirgin kogi, sannan a ɗora su a keken shanu zuwa Grand Detour. Kafin su iso kuɗinsu ya ninka, wani lokaci kuma tsatsa ta taɓa su a hanya. Duk da haka ya ɗauki wannan asara a kan ya sa ƙarfen da bai yarda da shi ba. A 1846 wata masana'anta a birnin Pittsburgh, Jones da Quigg, ta fara murza masa falankin sitil na garma a cikin Amurka, abin ya zo masa da sauƙi.

Matsala ta biyu hanya ce. Grand Detour lungu ne, kogin Rock ba ya ɗaukar manyan jirage yadda ake so. A 1848 Deere ya raba jari da Andrus ya koma garin Moline, a bakin babban kogin Mississippi, inda ruwa ke juya injuna, jirage kuma suna kawo ƙarfe da gawayin kwal su kwashi garemani. Ya haɗu da sababbin abokan jari biyu, Robert Tate da John Gould. A 1849 sun ƙera garma fiye da 2,000. Zuwa 1855 ana fitar da sama da 10,000 a shekara.

Abokan kasuwancinsa sun sha fama da shi a kan abu guda: ba ya barin garma ta zauna yadda take. Yau ya sauya lanƙwasar kunne, gobe ya sauya kaurin baki, duk bisa abin da manoma suka gaya masa ko ya gani a gona. Su suna ganin ɓata lokaci ne da kuɗi tunda kaya na tafiya, shi kuwa yana ganin idan bai gyara ba wani zai gyara ya kwashe masu saye. Daga baya kamfanin ya riƙa fitar da garemani iri-iri, kowace da irin ƙasar da aka yi ta dominta.

Sauran maƙeran zamanin su ma ba su zauna ba. Sitil mai tauri yakan karye, mai laushi yakan cinye da wuri, kowa yana neman tsakiya. A 1868 ɗan John Lane, shi ma sunansa John, ya yi rajistar wani falanki mai hawa uku: sama da ƙasa sitil mai tauri, tsakiya ƙarfe mai laushi. Waje yana jure gugar ƙasa, ciki yana shanye duka. Masu ƙera garma da yawa suka rungumi wannan dabara. Tunani ɗaya ne da na garmar 1838, an dai ƙara masa fasaha.

Ƙarshen rayuwarsa

Deere gwani ne a gaban wuta, amma lissafin kuɗi ba fagensa ba ne. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1857, manoma suka kasa biyan bashin garemani, kamfanin ya kusa durƙushewa. Babban ɗansa namiji, Francis Albert, ya riga ya rasu tun 1848, don haka sai ya miƙa ragamar ga Charles, wanda ya yi karatun kasuwanci, yana ɗan shekara 21 kacal. Charles ya tsamo kamfanin daga rami. A 1868 aka yi masa rajista da sunan Deere & Company, a 1876 kuma aka yi rajistar tambarin barewar nan.

Matarsa Demarius ta rasu a 1865, daga baya ya auri 'yar'uwarta. Da girma ya zo sai ya karkata ga hidimar gari, har ya yi shekara biyu yana magajin garin Moline daga 1873. Ya rasu a gidansa a Moline ranar 17 ga Mayu, 1886, yana da shekara 82. Sai a 1918 kamfanin ya sayi masana'antar da ke ƙera taraktar Waterloo Boy, daga nan aka shiga harkar tarakta.

Garmar tasa ta ciyar da miliyoyi, ta kuma bar tabo. Filin ciyawar Illinois da ya shekara dubbai yana tara taki, yau abin da ya rage na asalinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma inda aka yi ta kifar da ƙasa ba hutu, ruwa da iska sun kwashi rabonsu. Shi ya sa a yau manoma da dama a can suke rage huɗa.

Abin da mai injin haƙa rami zai ɗauka

To, mu dawo gida. Bakin injin haƙa yana fuskantar abokan gaba biyu. Na farko guga: yashi yana cin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Na biyu duka: marmara, tsakuwa da saiwa suna bugunsa ba zato. Tauri ne maganin guga, amma ƙarfe in ya cika tauri duka yana karya shi. Saboda haka kafin a je kasuwar 'yan gwangwan, a fara tambayar da Deere ya fara da ita: wace irin ƙasa za a haƙa? Jigawa mai yashi tana son baki mai tauri. Ƙasa mai marmara da duwatsu tana son wanda aka ɗan sassauta, gara ya dakushe a wasa shi da ya ɓalle a cikin rami. A laka mai danƙo kuwa, santsin baki da na murɗaɗɗen jikin injin ya fi komai, a kankare tsatsa da tabon walda.

Abin da ke sa ƙarfe ya ɗauki tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. A kilo 100 na ƙarfen zubi akwai kabon kilo 2 zuwa 4, ya yi yawa, shi ya sa yake da gautsi. Falankin da ake ƙofa da taga da shi bai wuce rubu'in kilo ba, ko an gasa an tsoma ba zai yi taurin kirki ba, ramuka kaɗan zai yi ya lanƙwashe ko ya cinye. Rodin gini ba a san abin da aka narka aka yi shi ba, wani ya yi tauri wani ya ƙi, kada a dogara da shi. Magagari yana da wajen kilo guda ko fiye, yana da kaifi amma dutse ɗaya ya ishe shi. Sifirin ɗin mota, wannan mai falle-falle, yana da ɗan fiye da rabin kilo, kuma tun asali an yi shi ne don ya sha duka ya dawo daidai. Shi ya sa maƙeranmu suka daɗe suna ƙera gatari da adda da shi, kuma shi ne zaɓi na farko a nan. A nemi na babbar mota mai kaurin da ya yi daidai da tsohon bakin. Tsohon faifan haro ma ƙarfe ne mai kyau da aka yi don ƙasa, sai dai sau da yawa ya yi siriri. Bakin gireda mai gyaran hanya yana jure guga ƙwarai, amma huda shi aiki ne ja.

Kada a sayi ƙarfe da ido kawai. A ɗora shi a injin wasa a dubi tartsatsin. Mai laushi yana fitar da dogayen layuka marasa rassa sosai, mai kabon kuwa tartsatsinsa yana fashewa kamar taurari. Da irin wannan gwaji na tartsatsi ne ma aka gane ƙarafan garmar 1838. Sannan a yanki ɗan guntu, a gasa ya yi ja, a tsoma a mai, a goga masa magagari. In magagarin ya zame bai ci ba, ƙarfen yana ɗaukar tauri. A kuma duba tsohon sifirin da kyau bayan an kankare tsatsa, domin wanda ya gaji yakan ɓoye tsaga siririya kamar gashi, musamman kusa da ramin tsakiya. Mai tsaga a mayar wa mai shi.

Wajen ƙira, a fara gasa shi ya yi ja a binne a toka ya kwana, zai yi laushi. A nan ne za a miƙar da shi, a yanka, a huda ramukan noti daidai da na tsohon bakin, a fitar da kaifi. Duk huji a gama shi kafin a ba shi tauri. Daga nan a gasa gefen kaifin kawai, har sai maganaɗisu ya daina kama shi, wato ya haura zafin digiri 770, a ƙara masa ɗan kaɗan, a tsoma a mai. Ban da ruwa, ruwa yana tsaga sifirin. A yi wannan a fili, da murfi a kusa, don man yakan kama da wuta, hayaƙinsa kuma ba shi da kyau ga ƙirji. Bayan nan a goge wurin ya yi fari, a mayar da shi kusa da wuta a hankali ana kallon launi. Zai fara da ruwan kara, ya koma ruwan ƙasa, ya yi shunayya, sannan shuɗi, wajen digiri 300. Don ƙasa mai yashi a tsaya a ruwan ƙasa zuwa shunayya, don mai duwatsu a bari ya kai shuɗi. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ƙera gilashi ne. Gindin da noti ke kamawa kuwa a bar shi da laushinsa. Wannan ita ce garmar Deere a taƙaice: tauri a baki, laushi a jiki.

Wanda ba shi da maƙeri a kusa sai mai walda yana da wata hanya. A yanki baki daga falanki mai kauri, a shimfiɗa masa sandar walda ta musamman mai tauri a gefen da ke cin ƙasa. In ta cinye a sake shimfiɗawa. Amma kada a liƙa sifirin da walda yana sanyi, sai an ɗumama shi tukuna, in ba haka ba zai tsage a gefen ɗinkin. Ɗauri da noti ya fi, don gobe ma za a sauya. Bakuna biyun kuma su zama tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, in ba haka ba injin zai riƙa karkata yana wahalar da giya.

Akwai wani noti a sandar da ke kawo juyi daga tarakta wanda da gangan aka yi shi mai rauni, don in baki ya kama dutse shi ya karye, giya ta tsira. In ya karye a sa irinsa. Wanda ya sa mai tauri don ya huta da sauyawa, ya tsare notin 'yan kuɗi kaɗan ne ya sayar da akwatin giya. Kuma don Allah, kada kowa ya matso kusa da injin yana juyawa, balle da babbar riga, rawani ko gyale. Injin nan ba ya jiran a kashe shi in ya kama tufa. A kashe tarakta kafin a taɓa baki ko a cire ciyawar da ta naɗe.

Shawara ta ƙarshe ga ƙungiyoyin manoma masu injin haɗaka. Ku yi abin da Deere ya yi, ku bar ƙasa ta yanke hukunci. Ku sa maƙerinku ya yi baki kala biyu, a buga wa kowane alama, a rubuta a littafin ƙungiya ramuka nawa kowane ya haƙa kafin ya buƙaci wasawa, da irin ƙasar da aka haƙa. Damina ɗaya ta isa ku san wanda ya dace da yankinku. In kun same shi, ku riƙe maƙerin, ku riƙe mai sayar da ƙarfen, ku ajiye baki biyu a sito tun kafin lokacin dashe ya zo. Allah Ya ba mu damina mai albarka.